Geron Muna da Farin Firigo

Maikano gajere ne. Ba irin gajartar da ake rufa wa mutum asiri a ce masa matsakaici ba. In ya hau jakinsa ya nufo Filingue ranar kasuwa, mutanen ƙauyensu, Dogon Gawo, sukan ce yau Maikano ya girma, in ya sauka su ce ya koma. Amma wannan ɗan mutum shi ya gaji geron da ya fi kowane gero dogon kai a wannan yanki na Kurfai. Matarsa Tanne taubashiyarsa ce tun kafin ta zama matarsa, kuma ba ta ajiye wasan taubasai ba don an kai ta ɗaki. Takan ce kakanni sun yi rabon gado da adalci: tsawo ya tafi gona, mai gona ya ɗauki abin da ya rage.

Geron Muna ake ce masa. Muna wata kaka ce da babu mai rai da ya ga fuskarta. An ce ta zo aure da shi ƙulle a bakin zane. Zangarniyarsa takan kai daga yatsa zuwa kafaɗar mutum, a wurin Maikano kuwa har kunne. Ƙwayar toka-toka ce, furarsa kuma tana da wani ɗan zaƙi da ba ya zuwa sai an haɗiye. Aibinsa ɗaya, ba ya sauri. Gero ne mai son damina ta zauna ta miƙe ƙafa.

A zuriyar Muna kullum akwai mutum guda mai riƙon iri, kuma daga uban Maikano riƙon ya faɗo hannunsa. Ba sarauta ba ce, babu rawani, babu mai cire masa takalmi. Aiki ne. Yana shuka geron a wani kwari bayan tudun yashi, nesa da gonakin mutane, don kada ya yi aure da geron maƙwabta ya haifi 'ya'yan da ba su kama da kowa. Kafin girbi yakan shiga gonar shi kaɗai, ya zaɓi kawunan da suka fi cika, ya ɗaure, ya rataye su a ƙololuwar rumbu inda iska ke ratsa zana. Ba a sussuka su sai ruwan shuka ya sauka. Ran nan sai ya yanka jar kaza a gindin gawon da ubansa ke yankawa, don gidansu ba su bar hanyar kakanni ba, matan dangi su zo da ƙoransu, ya zuba wa kowace cikin tafi biyu, ta kai gida ta gauraya da irin mijinta. Ke nan gonakin dangi duka suna da ɗan jinin Muna, amma tsantsarsa wuri guda take a duniya, a saman rumbun gajeren nan.

Da soja suka karɓi mulki karo na farko, ƙasa tana fitowa daga fari, motocin gwamnati suka fara shiga ƙauyuka da hatsi da maganar sabon iri. Malamin gonar da aka turo daga Filingue mutumin kirki ne mai haƙuri. Ya tara magidanta ya nuna musu wani gero mai gajeren kai, mai nuna da wuri.

"Damina ta taƙaita, baba," ya ce wa Maikano. "Geronku yana jiran ruwan da ya daina zuwa."

"To shi wanga naku, mi as sunanai?"

Malamin ya faɗi wasu haruffa da lamba.

"Wanga ai sunan mota ne," in ji Maikano. "Uwatai fa, 'yar wane gari ce?"

Aka yi dariya, malamin ma ya yi. Amma gaskiya tana wajen malamin, kuma gajeren geron ya ceci gidaje da yawa a shekarun da ruwa ya ɗauke da wuri. Shi ma Maikano ya karɓa ya shuka a gonar gida don ci, ya ce tun da gajere ne ai ɗan'uwa ne. Kwarin bayan tudu dai bai taɓa ganin wani iri ba.

Kamar shekara goma bayan haka aka yi farin da har yau tsofaffi ba su son dogon zance a kansa. Babu gajere, babu dogo, duk suka bushe a tsaye. Rumbuna suka zama ɗakin ƙadangaru. Maza suka bi hanyar Yamai, wasu har bakin teku. Abin da Maikano ya tsira da shi ragowar iri ne da bai shuka ba. Ya sa aka sussuke, ya gauraya da toka, ya zuba cikin tulu, ya binne ƙarƙashin gadon Tanne.

'Ya'yansu biyu lokacin, Kailu da ya fara tasawa, da Habsa da ba a daɗe da yaye ta ba. Suna cin jar dawar taimako in ta iso, in ba ta iso ba sai 'ya'yan anza masu ɗaci na daji da ganye. Jar dawa ba ta zama a cikin Habsa. Tanne kuwa kullum a kan tulun take kwana, ta kuma san abin da ke ciki zai yi kunu mai laushi irin wanda cikin yaro ke riƙewa. Wata safiya ta tare shi a bakin ɗaki.

"Ko tafi guda," ta ce.

"In munka buɗe, ba mu iya rufewa. Kin sani."

Ta sani, ba ta sake tambaya ba. Da rani ya yi tsakiya ƙyanda ta shigo ƙauyen ta tafi da yara da yawa, har da na gidajen da suka cinye irinsu tun farko. Habsa na cikin waɗanda suka tafi. Likitan da ya zo ya ce ciwon ne, kuma ya kashe masu ƙiba ma. Maikano ya riƙe maganar nan hannu biyu, yana maimaita ta ga duk wanda ya zo gaisuwa. Tanne ba ta ƙaryata ba, ba ta kuma taɓa faɗinta da bakinta ba. Da damina ta dawo ita ta haƙo tulun da kanta, ita ta bi bayan sunguminsa tana jefa ƙwaya a rami tana rufewa da diddige. Geron ya fito, ya yi kai har ya sunkuya. Wasan taubasai ya ɗauki shekaru kafin ya dawo gidan, da ya dawo kuma akwai wurin da ba ya takawa.

Soja suka tafi, farar hula suka zo, soja suka dawo, suka sake tafiya. Maikano bai bi lissafinsu ba, shi dai ya san shekara da yadda kwari ya yi. Kailu ya girma ya tafi Yamai, ya kama salla, ya kama sana'a a kasuwar tsofaffin kaya, inda ake sauke firigo da talabijin da injin wanki waɗanda suka gama aiki a ƙasashen Turawa, suka hau jirgin ruwa, suka biyo babbar mota. Wasu in an sa musu wuta sukan tashi, wasu sun mutu tun kan teku. Aikin Kailu shi ne rarrabe mai rai da gawa.

Sai shekarar farar ɗango ta zo, yunwa ta biyo bayanta. Wata rana da mutanen Dogon Gawo suka tafi gaisuwar mutuwa a wani ƙauye, aka yanka zanar rumbun Maikano aka kwashe geron ci, aka haɗa da rabin irin da ke rataye. Rabin da ya rage shi ya shuka, ya kuwa yi. Amma tsoro ya riga ya shige shi. Ga shi ya tsufa, tsani ya fara yi masa gardama, kusu kuma sun yi yawa a shekarun nan kamar an buɗe musu kasuwa. Ya daina zuwa ko'ina. Ko biki aka yi, sai ya ce jakinsa ba lafiya, alhali jakin yana tsaye yana kallon mai gayya.

Kailu ya ji labari. Bayan girbi sai ga shi da wani farin abu a kan rufin motar haya har Filingue, daga nan a amalanken jaki zuwa ƙauye. Firigo ne irin kwantaccen nan mai murfi a sama. Dogon Gawo ba shi da lantarki, firigon kuma bai damu ba, don ya riga ya mutu.

"Baba, kusu ba shi huda wanga," in ji Kailu. "Gara ba ta cinai. Ruwa ba shi shiga, ko iska ba ta shiga. Ga wurin kwaɗo na sa an yi mai."

Maikano ya zagaya shi, ya ƙwanƙwasa gefensa, ya leƙa ciki har ƙafafunsa suka bar ƙasa.

"Kai, riƙe tsohon naka," in ji Tanne, "kada shi faɗa mu rasa mai fiddo shi. Ga ɗaki daidai da kai, bawana."

Maikano ya sauko yana haki. "Mi yak kashe shi?"

"Tsufa, Baba. Injin ya ƙone." Kailu ya shafa murfin. "Kuma ka san wani abu? Mai kawo muna kaya ya ce can inda ya fito, in ka sayi sabo, akwai ɗan abin da ake ƙara ma bisa kuɗin. Na ranar mutuwatai ne. In ya mutu, da shi ake biyan masu zuwa su ɗauke shi, su zuƙe muguwar iskar da ke ciki, su ware ƙarfe daban, roba daban, a narke a yi wani abu."

"Tun ranar saye ake biya?"

"Tun ranar saye."

"A yi ma yaro suna, a sallami mai gina kabari rana guda." Maikano ya girgiza kai, amma da alama abin ya burge shi. "Mutanen nan suna da tanadi. To wanga an biya mai?"

"Ina tsammani an biya."

"Kuma ga shi nan."

"Ga shi nan."

"To wa yac ci kuɗin biznewar?"

Kailu ya yi dariya, ya ce wannan ba a rubuta a jikinsa ba. Wataƙila wani ya ga in ya ce da sauran ransa, ya ɗora shi a jirgi, ya ci sau biyu.

Tanne ta ja da baya. "An biya a bizne shi, ba a bizne shi ba, ya ƙetaro teku ya zo har gidanmu. Ni ban kwana ɗaki guda da abin da kabari ke jira."

Babu yadda ba a yi ba, ta ce a'a. Don haka firigon ya zauna a tsakar gida, a fili, inda babu inuwa. Maikano bai yi jayayya sosai ba. Na farko, farin abu irin wannan ba a ɓoye shi a ɗaki. Na biyu, tausayinsa ya kama shi. Ya ce wa maƙwabta baƙo ne wanda nasa suka karɓi kuɗin hidimarsa suka yasar, kuma a gidan Muna ba a korar baƙo, sai a ba shi aiki mai daraja.

Matsala ta farko, kawunan geron sun fi firigon tsawo in aka haɗa dami. Ya gwada lanƙwasawa suka karye, ƙwaya na zuba. Sai ya ce a sussuke. A shekarar kuwa wani ruwa ya sauko bayan girbi ya jiƙa dammuna a gona, suka bushe a waje, ciki da sauran sanyi. Tanne ta ji haka tun bugun farko.

"Bai bushe ba," ta ce. "Shina manne ma taɓarya. Ubanka bai taɓa sussukar iri da kaka ba."

"Ubana bai ga firigo ba."

"A bar ko dami guda bisa rumbu."

"Don ɓarawo shi san inda za shi? Shekarar tulu fa, ba rufewa munka yi ba, ya fito?"

Yana faɗa ya san ya taka wurin nan. Tanne ta dube shi, ta ɗaga taɓarya ta ci gaba da sussuka har ta shiƙe. Da bai ambaci tulun ba, wataƙila da ta tuna masa cewa geron tulu ya shekara a rataye kafin a rufe shi, kuma da toka aka gauraya, kuma a cikin sanyin ƙasa ya kwanta. Shi kansa ya tuna da toka. Ya ɗebo har ƙwarya guda, ya dubi farin cikin firigon yana walƙiya, sai ya ji kunyar zuba masa toka, ya mayar murhu. Ya juye tsabar duka, ya rufe, ya ɗaure bakin murfin da robar taya, ya buga kwaɗo, ya rataye makulli a wuya.

Ni da nake ganinsa a kasuwar Filingue, ban taɓa ganin Maikano cikin farin ciki kamar a ranin nan ba. Ya dawo zuwa kasuwa, ya dawo zuwa biki, jakinsa ya warke. Mutane na zuwa daga wasu ƙauyuka kallon rumbun Turawa, shi kuma yana ba su labarin kuɗin binnewa, kowane karo labarin na ƙara tsawo, har ya kai ga cewa can ko cokali ka saya sai ka biya masa kabari. Da rana tsaka murfin kan yi zafin da mata ke shanya kuɓewa a kai ta bushe kafin la'asar. Da yamma ya jingina da shi ya miƙe ƙafa. Bai buɗe ba ko sau ɗaya, don kada ƙwaro ya sami hanya.

Ruwan shuka ya sauka. Ya yanka jar kaza a gindin gawo, matan dangi suka cika tsakar gida da ƙoransu, wasu sun sa sabon zane don yau iri daga firigo zai fito. Ya kwance robar, ya buɗe kwaɗo, ya ɗaga murfin.

Zafi ne ya fara fitowa, sai wari ya biyo, irin na giyar da aka manta a tukunya. Ruwa ya taru a ƙarƙashin murfin yana ɗiga. Saman geron ya dunƙule ya yi kore-kore. Matan da ke gaba suka kau da fuska, na baya suna tambayar me ya faru.

Maikano ya tsaya a kan turmin da ya kifa don ya kai, ya sa hannu ya kankare saman, ya zubar. Na ƙasa yana kama da gero. Ya murza a tafi, ya ce sama ne kawai. Ya zuba wa kowace mace cikin tafi biyu, kowace ta karɓa ta yi godiya yadda aka saba, ba wadda ta kai ƙoƙon hanci sai da ta fita zaure.

Ya shuka kwarin. Gonakin mutane suka yi tsiro, kore ya rufe tudu, kwarin yana nan da ramukansa a jere. Kullum da safe yakan je ya tsuguna ya tona rami da yatsa, ya sami ƙwaya ta kumbura ta zama laka. Ya ce ruwan farko ne bai ratsa ba. Da na biyu ya sauka ya sake shukawa da hannu cike, abin da bai taɓa yi ba. Nan da can wani ɗan fari-farin tsiro ya leƙo, ya yi kwana kaɗan ya kwanta. Ciyawa ta fito da kyau.

Ɗan abin da ya rage a gindin firigon Tanne ta kwashe. Ta wanke shi ruwa bayan ruwa, ta shanya, ta surfa, ta daka, ta dama kunu. Da rana ta kawo masa a inuwar zaure, ta zauna gabansa da nata ƙoƙon, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurensu.

"Sha."

Ya dubi launin ya gane. "Iri ne, Tanne."

"Ba iri ba ne yanzu."

Ya kai baki. Ɗaci ne da warin ruɓa, irin wanda ko akuya sai ta yi shawara. Ya shanye, ita ma ta shanye nata, ta goge baki da gefen zane.

"Na tulu ba shi da ɗaci," ta ce. "Ranar da ni haƙo shi na tauna ƙwaya guda."

Ta haɗa ƙoran ta shiga ciki. Wannan ne karo na farko da ta yi maganar tulun da Habsa, kuma iyakarta ke nan.

Kailu ya zo daga Yamai bai ko tsaya a Filingue ya sha ruwa ba. Ya ɗauki gatari zai fasa firigon, uban ya riƙe masa hannu.

"Kai akwati ka kawo. Ni na zuba. Ka ce iska ba ta shiga, kuma ba ta shiga ba, ina ƙaryarka?"

Kailu ya zauna a ƙasa kamar yaro, da gemunsa da furfurarsa ta farko, ya rufe fuska. Sai da Tanne ta ce masa ya tashi ya ci abinci, gidan nan ba a rasa mai kuka ba.

Bayan damina masu sayen tsohon ƙarfe suka biyo ƙauyuka da ma'auni a bayan mota. Suka cire injin, suka zare jan ƙarfen, suka ɓare farin kwanon da ke jikin kamar mai fiɗar rago. Iskar da Kailu ya ce ana zuƙewa ta yi ɗan tsaki ta bi sama. Suka bar wani rawayan abu kamar soso da kuma farar robar ciki.

"Wanga fa?" in ji Maikano.

"Wannan ba shi da kilo, baba."

"To wa ke ɗaukatai?"

Suka yi dariya, ba ta mugunta ba, suka tada mota. Maikano ya ja ragowar da jakinsa zuwa bayan gari, ya yini yana gina rami, ya binne. Wanda ya tambaye shi ya ce tun da an biya, ai dole wani ya yi aikin. Abin bai ruɓe ba. Kowace damina ruwa kan tone gefensa, farar kusurwa ta leƙo, shi kuma ya je ya sake turbuɗewa.

Daga nan sai nema. Ya bi gidajen dangi ɗaya bayan ɗaya, amma kowa ya gauraya nasa kamar yadda al'ada ta ce, shekara da shekaru, da geron gwamnati da na kasuwa da na taimako. Aka ce Yalwa, ƙanwar Tanne da ke aure gaba da Bonkoukou, takan shuka nata tafin daban a bayan ɗaki. Ya hau jaki ya tafi. Yalwa ta ba shi duk abin da take da shi tana hawaye, ta ce ba ta yi alkawari ba, don gonar maƙwabci tana jikin danga. Ya shuka a kwari, ya yi noma kamar mai jinya, ya jira. Da geron ya fitar da kai sai ga taron baƙi: wani dogo amma siriri, wani kakkaura gajere, wani mai gashi. Ya bi gonar yana gwada su da hannunsa. Wanda ya fi tsawo ya wuce gwiwar hannu da kaɗan, kuma hannun Maikano ne.

Wani malamin gona na zamanin yanzu ya ce masa in ya yi ta zaɓen masu tsawo yana shukawa, bayan shekaru masu yawa zai iya samun abin da ya yi kama. Maikano ya tambaye shi shekara nawa, ya faɗa, Maikano ya yi masa godiya. Da ruwan shuka ya sake sauka ya aika wa matan dangi cewa kada su wahalar da ƙoransu. Gawo bai ga kaza ba. Masu bin kakanni suka ce fushi ne, masu masallaci suka ce ishara ce, shi bai shiga ko ɗaya ba.

Mu mutanen Filingue a kasuwa muka san ƙarshensa. Duk ranar kasuwa yakan bi layin masu hatsi, buhu bayan buhu, ya nutsa hannu ya ɗebo, ya kai kusa da ido, ya mayar. Ba ya saye. Wasu na jin haushi, amma Gambo, wanda ya fi kowa yawan buhuna kuma yake ɗauko kaya daga Baleyara, yakan kwance masa baki tun kafin ya iso.

"Ga sufeto ya zo. Yau wane buhu za a kama, ranka shi daɗe?"

"Duk ɓarayi ne, Gambo, amma ba wanda nike nema ba."

A shekararsa ta ƙarshe ido ya yi rauni, ƙafa ta kumbura, jaki ya huta. Sai wata rana Tanne, wadda ba ta son kasuwa, ta shigo mota ta zo rumfar Gambo suka daɗe suna magana ƙasa-ƙasa. Bayan kasuwa biyu Gambo ya rufe rumfa da wuri ya tafi Dogon Gawo da kansa, da ɗan ƙulli a aljihu. Ya sami Maikano kwance a zaure.

"Sufeto, an kama ɓarawon. Wani Buzu ya kawo daga arewa. Ya ce kakatai ta samo shi daga wata mata 'yar Kurfai, kuma kai guda shina kai kafaɗa."

Ya kwance ƙullin a tafin tsohon. Gero ne mai kyau, toka-toka, Gambo ya sha wahala kafin ya samo mai launin. Maikano ya murza shi a hankali da babban yatsa, ya daɗe yana murzawa. Tanne na tsaye a bakin ƙofa, ta ba su gefe, tana gyaran wata igiya da ba ta lalace ba.

"Madalla, Gambo," ya ce. "Ka yi tahiya. A ba shi hura."

Da Gambo ya sha ya tafi, Tanne ta zo ta tsaya kansa.

"Shi ne?"

"Wa ya koya ma Gambo zancen kafaɗa? Shi da tiya yake awo."

Ta juya igiyar da ke hannunta.

"Ba shi ba ne," ya ce. "Amma na gode. Ke ma."

Ta zauna a bakin tabarmar, ta karɓi geron daga tafinsa ƙwaya ƙwaya don kada ya zube, ta mayar cikin ƙullin.

Ya rasu kafin ruwan shuka. Tanne ta sa aka shuka geron Gambo a kwarin, don gona ba ta zama haka nan. Ya fito, ya nuna da wuri, kowa ya ce gero ne mai kyau.